Barkono a Bakin Mutanen Koriya: Gado Ne ko Sabo?

Gabatarwa

Ina farawa da miƙa godiya ga hukumar wannan mujalla tamu mai farin jini, wadda ta ba ni fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani batu da wasu za su ɗauka wasa ne, alhali kuwa akwai abin lura a cikinsa. Batun shi ne na mutanen ƙasar Koriya da irin son da suke yi wa abinci mai yaji, da kuma yadda suke jure raɗaɗinsa.

Abin da ya jawo wannan rubutu ya faru ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai a zangon karatun da ya wuce. Mun daɗe muna kallon finafinan Koriya a kwamfutar wani abokinmu, kuma kusan kowane fim sai ka ga an zauna ana cin wani abinci ja wur, ana share gumi ana murmushi. Rannan sai abokin ɗakina, wanda ɗan Katsina ne, ya dawo daga kanti da wata taliyar Koriya mai baƙar leda, an zana kaza a jikinta tana fitar da wuta ta baki. Sunanta Buldak. Ya dafa ta a risho, ya zauna da ƙarfinsa. Loma uku kawai ya yi, sai ga hawaye da majina da gumi, ya shanye ruwan leda biyu bai ji sauƙi ba. Hausawa sun ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni kuwa na jawo tukunyar na cinye sauran, duk da dai ni ma na ji a jikina.

Da ya samu bakin magana sai ya dube ni ya ce, "Kai Bayarabe, ai ku da mutanen Koriya jirgi ɗaya ya kwaso ku. Barkono a jininku yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na yi dariya tare da kowa, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa ba ranar na fara jin irinta ba. Ni haifaffen Ibadan ne, a unguwar Sabo na fara tsintar Hausa wajen masu tsire da masu sayar da goro, kuma tun da na zaɓi karanta Hausa a jami'a nake haɗuwa da masu ce mini komai ƙoƙarina ba zan iya ta ba, tunda ba a jinina take ba. Wannan ne ya sa na shiga karance-karance a kan mutanen Koriya da barkononsu. Abin da na gano, kuma shi ne ra'ayina a wannan maƙala, shi ne cewa cin yaji a Koriya sabo ne da tarbiyya da tarihi suka gina, kuma duk wanda ya bi hanyar da suka bi zai kai inda suka kai.

Baƙo ne ya zama ɗan gari

Mai karatu, bari mu fara da tarihi. Barkono ba shukar Koriya ba ce, ba kuma shukar Afirka ba ce. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, yankin Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita. Bayan tafiyar Kolombus ta shekarar 1492 ne Turawa suka san shi, sa'an nan 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar tekun Afirka da Indiya da gabashin Asiya. Mafi yawan masana tarihi suna ganin ya shiga Koriya ne a ƙarshen ƙarni na 16, daidai lokacin da Japan ta kai wa ƙasar yaƙi tsakanin 1592 da 1598.

Littafin farko da ya ambaci barkono a Koriya shi ne Jibong Yuseol, wanda wani masani mai suna Yi Su-gwang ya kammala a 1614. Abin mamaki, marubucin bai yabi barkono ba ko kaɗan. Ya bayyana shi a matsayin tsiro mai guba wanda ya shigo daga Japan, har ya ambaci cewa masu sayar da barasa suna zuba shi a cikinta, masu sha suna mutuwa. To, jama'a, idan da a jininsu yake, yaya za a yi kakanninsu su kira shi guba?

Sai da aka yi kimanin shekara 150 kafin a ga barkono ya zauna daram a littattafan girki da noma. Wani littafi mai suna Jeungbo Sallim Gyeongje na shekarar 1766 ya kawo yadda ake zuba shi a cikin kimci, da yadda ake haɗa gocujan, wato wani jan ƙulli mai kauri da ake yi da garin barkono. An kuma rubuta a tarihin fada cewa Sarki Yeongjo, wanda ya yi mulki daga 1724 zuwa 1776, yana matuƙar son gocujan a abincinsa. Ke nan abin da aka kira guba a 1614 ya hau teburin sarki a ƙarni na gaba.

Masu kallon finafinan Koriya a cikinmu za su tuna da Dae Jang Geum, fim ɗin nan na 2003 a kan wata mai girki a fada wadda ta zama likitar sarki. Labarin ya faru ne a zamanin Sarki Jungjong, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. A wancan zamani babu ƙwayar barkono ko ɗaya a duk faɗin ƙasar. Kimcin da ake ci a lokacin ganye ne da saiwa da aka tsima a gishiri, babu ja a cikinsa. Masu son ɗan zafi a baki suna amfani da tafarnuwa da citta da wani ɗan itace da suke kira copi, wanda ke sa harshe ya yi kamar ya mutu. Haka mu ma a nan Afirka ta Yamma, kafin zuwan barkono da masoro da kimba da citta mai 'ya'ya kakanninmu suke yaji.

Gaskiya ne akwai wasu masu bincike a Koriya da suka yi jayayya cewa barkono ya daɗe a ƙasarsu tun kafin wancan yaƙi, amma mafi yawan masana ba su karɓi wannan magana ba. Ni a ganina wannan jayayya ita kanta tana nuna yadda baƙo yake zama ɗan gari, har masu gida su ƙi yarda cewa ya taɓa zama baƙo.

Me ya sa ya samu karɓuwa?

Tambayar da ta biyo baya ita ce, me ya sa barkono ya kama ƙasa a Koriya fiye da yadda ya kama a Japan, wadda ta hannunta ake jin ya shigo? Amsar tana cikin yanayin ƙasar da irin cimarta.

Koriya ƙasa ce mai tsananin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara tana rufe gonaki, kuma a zamanin da babu ɗanyen ganye da za a samu. Saboda haka dole kowane gida ya tanadi kayan lambun da zai ci har bazara. Hanyar da suka bi ita ce tsimi: a yayyanka kabeji ko wata farar saiwa mai kama da karas, a jiƙa da gishiri, a cuɗa da tafarnuwa da citta da romon ƙananan kifaye ko jatan lande masu gishiri, a danna a cikin randa, a binne randar a ƙasa. Wannan shi ne kimci. Da barkono ya zo sai ya tarar da gurbinsa a shirye. Yana kashe ƙarnin kifin, yana ba abincin launi mai jan ido, yana kuma taimakawa wajen hana shi saurin lalacewa. Ga shi kuma yana fitowa a bayan gida ba sai an saya ba, sabanin masoron Indiya da ake shigowa da shi da tsada, wanda sai masu hali.

Akwai wata shaida da ke ƙarfafa wannan bayani. A kudancin ƙasar, kamar lardunan Jeolla da Gyeongsang, inda sanyi bai kai na arewa ba kuma abinci ya fi saurin tsami, kimcinsu ya fi gishiri da yaji. A arewa kuwa, wajen Pyongyang, kimcin ya fi ruwa-ruwa, yajinsa kaɗan ne. Jini ɗaya, harshe ɗaya, amma baki daban-daban. Da gado ne, da ba a sami wannan bambanci ba.

Abu na biyu shi ne shinkafa. Cimar mutanen Koriya farar shinkafa ce wadda ake dafawa ba gishiri ba mai, sai a jera ƙananan kwanoni na mahaɗi a gefenta. A gidan talaka, inda nama sai ranar biki, ɗan abu kaɗan mai gishiri da yaji ya isa ya tura kwano guda na shinkafa. Suna ma da wani suna da suke kiran mahaɗin da ya yi daɗi, wato bapdoduk, ma'anarsa ɓarawon shinkafa, domin kafin ka ankara ya sace maka abin da ke kwanonka. Duk ɗalibin da ya taɓa cin garau-garau da mai da yaji a ƙarshen wata ya san wannan hikima ba sai an fassara masa ba.

Shi kuma gocujan da na ambata, ana haɗa shi ne da garin barkono da shinkafa mai danƙo da garin waken suya da aka tsima da tsiron sha'ir da gishiri, a bar shi a randa a rana har tsawon watanni. Mai karatu zai ga kamarsa da daddawarmu ta wajen tsimi, sai dai shi yana da zaƙi da yaji a haɗe. Garin Sunchang ya yi suna wajen yin sa. Wannan zaƙi yana da muhimmanci, domin kuwa shi ne yake rage kaifin yajin, ya sa ko yaro ya iya kusantarsa.

Daga randa barkono ya wuce cikin al'ada. A da, idan aka haifi ɗa namiji, akan rataya igiyar ciyawar shinkafa a ƙofar gida, a soka mata jan barkono da gawayi, ta kwana 21 tana sanar da jama'a an yi haihuwa, baƙi su dakata. Suna kuma da karin magana da ke cewa ƙaramin barkono ya fi yaji, wanda suke yi wa mutumin da aka raina saboda ƙanƙantarsa. Haka nan aikin haɗa kimcin hunturu, wanda suke kira kimjan, gayya ce sosai: dangi da maƙwabta suna taruwa a ƙarshen kaka su yi na gida-gida, su kuma raba wa marasa hali. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya kimjan a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da yake faruwa a cikin baki

Yanzu bari mu leƙa wajen masana kimiyya. Yaji ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko ɗaci ko tsami. Zafi ne. A cikin barkono akwai wani sinadari mai suna kafsaisin, a jijiyoyin bakinmu da fatarmu kuma akwai wasu 'yan ƙofofi da masana suka laƙaba wa suna TRPV1, waɗanda aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan wani abu mai zafin da ya haura digiri 43 ya taɓa mu. Kafsaisin yana buɗe waɗannan ƙofofi ko da abincin ya huce, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki ya kama da wuta. Shi ya sa gumi yake karyowa, hanci ya yi ta zuba. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano wannan a 1997, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian. Tsuntsaye ba sa jin wannan zafi, shi ya sa kaza take tsattsagar barkono hankalinta kwance.

Abin da ya shafi batunmu shi ne, waɗannan jijiyoyi suna gajiya. Idan mutum yana cin barkono yau da gobe, sai su rage kai ƙara, abin da ya sa shi kuka bara ya zama ba komai bana. Idan kuma ya daina ci na wani lokaci, sai su farfaɗo. Ke nan juriyar da muke gani abu ne da ake samu, ake kuma rasawa. Mutumin Koriya yana cin kimci da safe da rana da dare, saboda haka bakinsa kullum a cikin horo yake. Masu iya magana sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Ba a haifar jaririn Koriya da wannan juriya. Iyaye suna fara ba yaro farin kimci marar barkono, ko kuma su ɗauraye jan a cikin ruwa su yayyanka masa ƙanana a kan shinkafa. A hankali ake rage ɗaurayar har ranar da zai ci irin na manya, a yaba masa a ce ya girma. Da na karanta wannan sai na tuna da mahaifiyata, yadda take ɗiga mini jar miya kaɗan a gefen amala, tana ƙarawa shekara bayan shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Juriya daban, so daban. Me zai sa mutum ya so abin da yake ƙona shi? Wani masanin halayyar ɗan'adam, Paul Rozin, ya yi nazarin wannan a wani ƙauye na ƙasar Meziko, inda ya lura cewa yara suna fara ƙin barkono, sa'an nan su koma son sa saboda suna ganin manya suna ci cikin nishaɗi. Bayaninsa shi ne ɗan'adam yana jin daɗin haɗarin da ya san ba na gaske ba ne: jiki yana ihu wuta, hankali kuma ya san babu abin da ya ƙone. Kamar mai kallon fim ɗin ban tsoro ne, yana rufe ido yana leƙe. Masana suna kuma ganin jiki yana sakin wasu sinadarai masu kashe zafi a irin wannan hali, waɗanda suke bar wa mutum wata natsuwa bayan raɗaɗin ya lafa. Mutanen Koriya da kansu idan suka kurɓi romo mai zafi da yaji sukan ce siwonhada, kalmar da asalin ma'anarta ita ce abu ya yi sanyi mai daɗi.

Yajin yau ba na kakanni ba ne

Wani abin da masu cewa gado ne ba su lura da shi ba shi ne, tsananin yajin da muke gani a finafinai sabon abu ne. Ɗauki tokboki, wato 'yan curin shinkafa da ake dafawa a jar miya, wanda 'yan makaranta suke saya a bakin titi. Na fada a zamanin da, da ruwan waken suya ake yin sa, ba ja ba yaji. Jan tokboki ana danganta shi ne da wata mata mai suna Ma Bok-rim, wadda ta fara sayar da shi a unguwar Sindang ta birnin Seoul a 1953, shekarar da aka tsagaita yaƙin Koriya, lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu. Barkonon Congyang, wanda suke alfahari da zafinsa, wani kamfanin iri ne ya samar da shi a 1983. Taliyar Shin Ramyun ta kamfanin Nongshim ta fito a 1986. Gasasshiyar kaza mai tsananin yaji da ake kira buldak, wato kazar wuta, ta yi tashe ne a farkon shekarun 2000, bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasar a 1997, kuma mutanen ƙasar da yawa suna cewa suna cin ta ne domin huce takaici. Ita kuwa taliyar da ta sa abokina kuka, kamfanin Samyang ya fitar da ita a 2012, sa'an nan gasar cin ta da aka yi ta yaɗawa a YouTube daga 2014 ta kai ta duniya, har ta iso ɗakinmu.

A taƙaice, cikin shekara 70 kacal bakin al'umma guda ya ƙara hawa mataki bayan mataki. Jini ba ya canjawa cikin shekara 70. Kasuwa da talla da matsin rayuwar birni su ne suke canjawa.

Bugu da ƙari, idan ana maganar zafi tsagwaronsa, barkonon Koriya ba ya gaba. Akwai ma'aunin da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912 domin auna yaji. A kan wannan ma'auni barkonon Congyang yana wajen 10,000, kamfanin Samyang ya ce Buldak ta asali tana da 4,404, alhali dangin attaruhun da muke jajjagawa a miya kullum suna tsakanin 100,000 da 350,000. Garin barkonon da ake zubawa a kimci ma bai kai Congyang ba, jansa ya fi zafinsa. Abin da ya bambanta mutanen Koriya shi ne yawan da suke zubawa da kuma yadda ba sa tsallake rana.

Inda masu jayayya suke da gaskiya

Adalci ne in kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Wani bincike da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Finlan, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa gado yana da hannu a yadda mutum yake jin daɗin yaji. Ban musa ba. Amma wannan bambanci ne tsakanin mutum da mutum, ana samun sa a cikin kowace al'umma, har a cikin gida ɗaya. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ba ta iya cin miyar da nake ci. A Koriya ma akwai ɗimbin mutanen da ba sa iya cin yaji, har matasa sun ƙirƙiro musu sunan tsokana, maepjjiri, kamar yadda suka ƙirƙiro maepbusim ga mai taƙama da juriyarsa. Haka kuma da yawa daga cikin manyan abincin ƙasar babu barkono a cikinsu: samgyetang, wato farfesun kaza da saiwar jinsin, da seolleongtang, wato romon ƙashin sa, da bulgogi, da taliyar sanyi ta Pyongyang.

Wasu kuma suna cewa zafin ƙasa ne yake sa mutane cin yaji, domin yana kashe ƙwayoyin cuta a abinci. Wannan ra'ayi ya yi tashe bayan wani nazari na 1998, amma wani babban nazari na 2021 ya sake duba alƙaluman ya ga hujjar ba ta da ƙarfi. Koriya kanta, da ƙanƙararta, ta isa misali.

Sa'an nan ba na cewa duk abin da aka saba da shi alheri ne. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Koriya ta Kudu tana cikin ƙasashen da ciwon dajin ciki ya fi yawa a duniya, kuma likitoci sun fi danganta hakan da yawan gishiri da wata ƙwayar cuta da ke zama a ciki. A watan Yuni na 2024 hukumar kula da abinci ta ƙasar Denmak ta janye nau'i uku na Buldak daga kantuna saboda tsoron yawan kafsaisin, musamman ga yara, ko da yake daga baya ta mayar da biyu. Don haka ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai masu gasar cin wannan taliya domin ɗaukar bidiyo: abin da mutum ya gina cikin shekara 20 ba a kwaikwayonsa a dare ɗaya, balle ga mai gyambon ciki. Wanda kuma tsautsayi ya afka masa, ya nemi madara ko nono, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Da abokina ya san haka da bai yi asarar ruwan ledarsa ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ina so in koma kan abin da ya fi damuna. Kalmar "a jininsu yake" tana da daɗin faɗa a wajen raha, kuma ni ma ina son wasan da ke tsakaninmu, ba na so ya mutu. Amma ita wannan kalma ba a kan barkono take tsayawa ba. Da ita ake cewa ƙabila kaza rowa a jininta take, ƙabila kaza faɗa, ƙabila kaza ba ta iya boko ba. Da ita ake sa yaro ya haƙura da abin da zai iya tun bai gwada ba. Na san ɗalibai biyu da suka bar wannan sashe namu a shekarar farko saboda an yi ta yi musu dariya a kan yadda suke furta ƙ da ɗ da ɓ, har suka yarda cewa bakinsu ba na Hausa ba ne.

Hausa ta yi hikima da ta kira naman da ke cikin baki harshe, ta kuma kira yaren da ake magana da shi harshe. Duka biyun da horo suke samuwa. Ni na fi shekara ina cewa kofa kafin in iya cewa ƙofa, kuma malaminmu na aji ɗaya bai taɓa ce mini ba a jinina take ba, sai dai ya ce, "Sake faɗa, ɗana." Haka uwa a Koriya take ɗauraye wa ɗanta kimci har ya iya. Al'ummar da ta kira barkono guba a 1614 ita ce yau duniya take kallo a matsayin gwanar cin sa.

Shi kuwa abokina ɗan Katsina, bai haƙura ba. Ya sake sayo taliyar, amma yanzu rubu'in ƙullin yajin yake zubawa, ya ajiye nono a gefe. Makon jiya ya kai rabi. Na ce masa, "Malam, ashe dai barewa tana koyon gudu." Ya ce in bari sai ya cinye tukuna mu yi magana.

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yafe mini kurakuran da suka gani a wannan rubutu, su kuma gyara mini, domin har yanzu ni ɗan koyo ne. Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.